Ritayar Yayana Mai Gyaran Lif

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya a ƙasar waje yana gyaran lif, akwatin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. A gida Injiniya ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa bakinsa ba, ko da yake ni da shi mun san bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Ni ce autar ɗakinmu. Shekara goma sha biyu ya ba ni, shi ya sa har yau da nake goyon jika, "ke Auta" yake ce mini, da muryar mai shirin aikena kanti.

Aikinsa ba na mai jin jiri ba ne. Yakan hau saman akwatin, a cikin ramin nan mai duhu da ya ratsa gini daga ƙasa har sama, ya shafa wa dogo giris, ya bi igiyoyin ƙarfe da yatsa yana neman silin da ya tsinke, ya gwada birki. In lif ya maƙale da mutane tsakanin hawa da hawa, shi ake kira. Sai ya durƙusa a bakin ƙofar ya yi ta yi wa na ciki hira har hankalinsu ya kwanta, sannan ya taɓa inji. A gida kuwa wani mutum ne daban. In ya ce e, to e ɗin ce, ko da za ta kai shi rami.

Abu ɗaya ya sa a gaba tun ranar da ya sauka a can, shi ne dawowa. Ya sayi fili a bayan gari ya fara gini, ni ce idonsa. Shekara goma sha tara ana abu ɗaya. Ni na yi ta faɗa da magina, ni na kori masu fenti har biyu, ni na tsaya a rana ana zuba kankaren bene. Bene mai ɗaki shida, ga mutumin da Allah ya ba 'ya ɗaya tal, wadda muke ce wa Tilo. Na taɓa tambayarsa ko sauran ɗakunan aljanu zai zuba, ya ce in kula da abin da aka sa ni. Duk matakin da ginin ya kai sai na ɗauki hoto na aika masa: harsashi, linta, rufi, tagogi, har ƙofar gida. Da aka gama, makullan suka zauna a hannuna. Kowace Asabar nakan je in buɗe tagogi, in share ɗakunan da ba wanda ya taɓa kwana a ciki, in rufe in dawo.

Takardar zamansu a can ta shekara ɗaya ce. A jikin aikinsa take rataye, ta matarsa kuma a jikin tasa. Dokar ƙasar ta ce wanda ya shekara goma yana iya neman ta dindindin, muddin bai cika sittin ba. Abokan aikinsa duk suka nema suka samu. Yaya ya ƙi. A ganinsa duk wanda ya karɓi wannan takarda ya juya wa kabarin iyayensa baya. Yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shi kuwa bai bar gida ba, aike ne ya ɗan daɗe.

Da ma a nan ya tsaya, da sauƙi. A fom ɗin sabuntawa akwai wani layi da ke tambaya me kake da niyyar yi in aikinka ya ƙare. Mutane kan ja ɗan layi su wuce. Yaya kuwa sai ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa gida zai koma. Sannan, ba wanda ya tambaye shi, ya ɗauko sabon hoton ginin ya maƙala a jikin fom ɗin. Yana so ma'aikatan su san shi ba ɗan cin arziki ba ne, yana da inda ya fito. Haka ya yi ta yi kowace shekara, har yana ba mu labari ta waya yana dariya.

Saura wata biyu ya yi ritaya, yana da sittin da uku, sai ƙafafun matarsa suka kumbura. Anti nake ce mata. Mace ce mai sanyi, ba ta da yawan magana, amma in ta jefo ɗaya sai ka kwana biyu kana juya ta. Kafin a ce me, fuska ta bi ƙafa, numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ce ƙodojin biyu sun tsaya. Wanki sau uku a mako, awa huɗu-huɗu, har iyakar rai. In aka tsallake, ruwa da guba su taru a jiki, ba a ɗaukar kwanaki da yawa.

A gida kuwa, asibiti mafi kusa da mu mai injin wankin ƙoda tafiyar awa huɗu ne, in hanya ta yi kyau. Daga ranar da Yaya ya miƙa makullin ɗakin inji, kwana casa'in doka ta ba shi ya tattara nasa ya nasa, shi da matarsa. Tilo tana da tata takardar ta wurin aikinta a kantin magani, amma takardar ba ta ɗaukar iyaye. Mutumin da ya shekara talatin yana ƙirga ranar tafiya ya wayi gari ba abin da yake tsoro kamar ranar.

Tilo ta nemar mini izinin ziyara na wata uku don in yi jinya. Ranar da na sauka na fara ganin inda suke zaune. Ni da nake share tayil mai ƙyalli duk Asabar, na zaci ko rabin haka zan tarar. Kwatas ne na kamfani, ɗaki biyu a hawa na huɗu. Gadon ƙarfe na kamfani, teburin kamfani, kujerun roba uku. Zanin gado aka rataya a taga a matsayin labule. Bango guda kuwa kwalaye ne tun daga ƙasa har silin, an ɗaure kowanne da igiya, an rubuta a jiki da hannun Yaya: falon sama, kicin, ɗakin baƙi. Tangaran na cikin kwali, su suna ci a roba. Labulen kirki na cikin kwali, har da agogon bango da bai taɓa jin batir ba.

Anti tana kwance, ta bi idona da kallo.

"Auta, kin ga fadar tamu?"

"Anti, a haka kuka yi shekara talatin?"

"Ai ba zama muka zo yi ba," ta ce. "Tambayi yayanki."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da akwatina, ya yi kamar bai ji ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, don ba ranar faɗa ba ce.

Litinin, Laraba da Juma'a mukan ɗauke ta a keken marasa lafiya zuwa asibiti. Ɗaki ne dogo mai gadaje goma sha biyu, kowanne da injinsa a gefe, fari tas, yana ƙara a hankali. A soka mata allura biyu a hannu, jini ya fita ta wannan roba ya dawo ta waccan. Yaya yakan zauna a kujerar baƙi ya ƙura wa robar ido awa huɗu, hularsa a gwiwa. In mun fito, fuskarta ta saɓe, ƙafa ta shiga takalmi, har ta iya tsokanata cewa shayin da nake haɗawa ruwan wanke kofi ne. In aka wuce kwana biyu kuma sai ta sake cika.

Kwana na goma sha biyu cikin casa'in ɗin muka je ofishin baƙi, ni da shi da Tilo. Ya sa rigarsa mafi kyau. A cikin lif ɗin ginin ya kasa kunne, ya ce shekara tara shi yake kula da wannan, har yanzu ƙofarsa tana ɗan jinkiri a hawa na biyu. Muka ja lamba, muka zauna tun safe har rana ta take, sannan aka kira mu.

Ma'aikaciyar yarinya ce, ba za ta girme wa Tilo ba, mai fara'a da ladabi. Ni ba na jin yarensu, Tilo ce take raɗa mini. Yaya ya yi bayani, ya miƙa takardun likita. Ta ce ƙofar dindindin ta rufe masa shekara uku da suka wuce. Saura hanya ɗaya, ta jinƙai, ita ma sai mutum ya nuna cewa rayuwarsa duk a nan take, ba shi da wurin komawa. Ta tambaye shi ko yana da gida a ƙasar, ya ce a'a. Haya da sunansa? Kamfani ne. Wata ƙungiya, wata makaranta, wani abu da ya kafa? Babu.

Sai ta jawo fayil ɗinsa, mai kauri kamar bulo. Ta fara zaro hotuna tana jerawa a kan tebur. Ga fili da turakun awo. Ga harsashi, ga ni nan a gefe da ƙuruciyata, da goyo a baya. Ga linta, ga rufi, ga bene ya tashi, ga fenti. Ina zaune ina kallon wahalata ta shekara goma sha tara tana girma a kan teburin wata baƙuwa. Ta juya fom-fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana nuna layin da yatsa. Sau talatin da ɗaya ya rubuta, da hannunsa.

Yaya ya ce wani abu da ƙaramar murya. Tilo ba ta fassara ba, sai da na zungure ta.

"Gwaggo, cewa ya yi ƙarya yake yi. Wai gidan ba nasa ba ne."

Tun da nake ban taɓa jin Yaya ya yi ƙarya ba, ko ta wasa. Bai ma iya ta ba, kunnuwansa har rawa suke. Yarinyar ta dube shi, ta dubi hoton ƙarshe inda sunansa yake rubuce a jikin ƙofar gidan. Kunya ta kama ni, tausayi ya danne kunyar. Da ya ga haka sai ya ce mata lif ɗin da ta hau yau da safe shi ya riƙe shi shekara tara, bai taɓa faɗuwa da kowa ba. Ta ce ta gode. Ta ce za ta tura fayil ɗin sama, a jira wasiƙa.

A hanyar dawowa, muna cikin bas ya juyo.

"Ke Auta, na ba ki gidan."

"Wane gida?"

"Gida nawa nake da shi? Na ba ki, halak malak. Gobe mu je wurin lauya a rubuta."

"Yaya, ni na ce maka ina son gida?"

"Ban tambaye ki abin da kike so ba."

Muka je. Lauyan dattijo ne mai gilashi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in aka yi haka yanzu, bayan an ga fayil, dabara za a kira shi, kuma zai iya ɓata har maganar Anti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaya ya tashi bai yi sallama ba.

Daga nan ya shiga abin da har yau ba na son tunawa. Wata safiya na fito na tarar ya shafa wa gemunsa baƙin rini, har ya ɓata masa wuyan riga. Kamfani zai je, ya roƙa a ƙara masa ko shekara ɗaya. Na ce ai shekarunka a takarda suke, ba a gemu ba. Ya ce in rufe masa baki. Shugaban sashen nasu mutum ne da Yaya ya koya wa riƙon sifana. Ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi shayi, ya ce doka ce, ba shi da iko. Yaya ya ce ko shara ce a ba shi, ko gadi, ko wanke bayan gida. Mutumin ya rako shi har bakin titi idonsa ya yi ja. Ya zaga kamfanoni huɗu a mako guda, kowanne ya dubi shekarar haihuwarsa ya maido masa da takardunsa.

Sai kuma ya dawo kan kwalaye. Wani ya ce masa in hukuma ta ga hoton inda suke zaune a kintse yana taimakawa. Ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin da ya ɗaure da hannunsa, wasu tun Tilo tana rarrafe. Ya fito da labule ya rataya, ya sa wa agogo batir, ya jera tangaran a kan teburin kamfani. Wasu kayan asu ya cinye, wasu yayinsu ya wuce tun tuni. Ya fita ya dawo da wasu mutum biyu ɗauke da kujera mai laushi, mai wurin miƙe ƙafa. Muka ɗaga Anti muka zaunar da ita, ya ja baya yana ɗaukar hoto da waya.

Anti ta shafa hannun kujerar.

"Shekara talatin ina roƙon kujera," ta ce. "Ashe hukuma za a saya wa."

Yaya ya sauke wayar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya daɗe bai fito ba.

Kwana na saba'in da ɗaya wasiƙar ta zo. Tilo ta karanta a tsaye, takalminta ma ba ta cire ba. An ba Anti izinin zama na jinya, a ƙarƙashin kulawar 'yarta. Yaya kuwa an ce fayil ya nuna yana da muhalli da dangi a ƙasarsa, kuma shi da kansa ya bayyana niyyar komawa. Ya fita kafin cikar wa'adi. Bayan shekara guda yana iya neman izinin ziyara daga can.

"Alhamdu lillahi," Yaya ya ce. "Abin da muke nema ke nan. An samu."

"Me aka samu?" in ji Anti.

"Injin. Za ki ci gaba da wankinki."

"Kai fa?"

"Ni namiji ne. Shekara ɗaya kamar gobe ce."

"Tare muka zo, tare za mu koma."

Nan ya tashi da faɗa, irin wanda na san shi da shi. Ya ce ba ta da hankali, ya ce so take ta kashe kanta ta bar shi da abin faɗa, ya ce in dai shi ne mijinta to ya yanke, ba ta taka ko'ina. Anti ba ta tanka ba. Ta juya fuskarta wajen sabon labulen. Shi ya ɗauka ta yarda ne. Ni mace ce, na san irin wannan shirun, amma ban ce komai ba, don ni ma so nake ta zauna.

Muka mayar da Anti ɗan ɗakin Tilo, a wata unguwa mai nisa, hawa na bakwai. Kujerar kaɗai ta bi ta. Sauran kayan aka sake ɗaurewa aka ba jirgin ruwa. Ranar tafiya Laraba ce, ranar wanki, don haka a asibiti suka yi sallama, tana kwance da allura a hannu. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya ce ta riƙa shan magani a kan lokaci, kada ta sha ruwa da yawa. Ta ce to. Ya gyara mata bargo a ƙafa, ya sake gyarawa, har nas ta ce lokaci ya yi.

A gida an yi murna. Dangi suka cika tsakar gida, ana Injiniya ya dawo, ana sanya wa ginin albarka. Ya yi ta gaisawa yana murmushi, ya zaga da su ɗaki-ɗaki. Bayan kwana uku kowa ya koma harkarsa. Sa'o'insa rabi sun rasu, rabi ba sa gane shi sai an yi bayani. Nakan kai masa abinci da rana in tarar da shi a matakalar farko ta benen, waya a hannu. Litinin, Laraba da Juma'a ba ya cin komai sai Tilo ta bugo ta ce an gama lafiya. Ya rame, rinin ya zube, gemun ya fito fari fat fiye da da.

Mako na bakwai da dawowarmu, ranar Juma'a, wayar ta shigo da wuri. Ina wurin. Tilo tana kuka, ta ce Mama ta ƙi zuwa asibiti. Ta ce ba za ta sake hawa gadon nan ba sai ta ga tikitinta na komawa gida a hannu. Yaya ya ce a ba ta wayar, ya buɗe muryar wayar yadda ni ma zan ji.

"Maman Tilo, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba."

"To don Allah ki tashi ki je. Don girman Allah. Ki zauna a nan, kada ki dawo. Babu komai a gidan nan, wallahi babu komai, bango ne kawai."

"Nan ma bangon ne," ta ce. Muryarta a shaƙe take, tana hutawa tsakanin magana. "Yarinyar nan tun safe take fita sai magariba. Ni da taga. A asibiti awa huɗu ina kwance, ƙafata ta riƙe, ban san yadda zan gaya musu ba. Ban koyi yarensu ba, kai ka ce ba amfani. Da kana nan kai ne bakina. Yanzu magana suke a kaina, ina kallon leɓɓansu."

"Shekara ɗaya ce. Saura wata goma."

"Ka tambayi likita ko ina da wata goma. Ni na tambaya, Tilo ta ƙi fassara mini, daga nan na gane."

Yaya ya sauko daga matakalar ya durƙusa a kan tayil, kamar tana gabansa. Ya ce ta yafe masa kujerar, ta yafe masa takardar, ta yafe masa duk abin da ta ga dama, amma ta je asibiti. Ya ce laifinsa ne, shi ya jawo, a bar shi ya ɗauka shi kaɗai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba.

"Na yafe tun tuni," Anti ta ce. "Ba fushi nake ba. In abin ya zo, ina so ya same ni inda zan ji abin da ake faɗa a kaina. Ka ce wa 'yarka ta sayi tikitin, yanzu in tashi in je."

Ya dube ni. Na kawar da kai, don ba ni da abin ba shi. In ya ce a'a, ba za ta kai mako ba. In ya ce e, ya san abin da ke jiranta. Agogon asibiti kuma yana tafiya, an ce in ta wuce sha ɗaya za a ba wani gadon.

"Tilo," ya ce, "saya mata."

Ranar Litinin da sassafe muka ɗauki mota zuwa asibitin nan mai awa huɗu, don mu sa sunanta. Awa biyar da rabi muka yi, gada ɗaya ta karye sai da aka zaga. Yaya yana ta duba agogo yana rubuta wani abu a bayan ambulan: inda ramuka suke, inda za a iya tsayawa da mara lafiya.

Sashen wankin ƙodar ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda. Mutane zaune a ƙasa a bakin ƙofa, wasu kwance a kan tabarma, fuskoki a kumbure irin wadda na sani. Nas ɗin babbar mace ce, gajiya ta gama da ita, amma ta saurare mu. Ta ce inji uku gare su. Ɗaya ke aiki. Biyun sun tsaya tun bara, an rubuta wa hukuma an gaji, mai gyaran daga nesa yake zuwa, kayan gyaran kuma daga waje. Ta buɗe littafi ta nuna mana sunaye shafi biyu da rabi. Ta ce in an yi sa'a mutum yakan samu sau ɗaya a mako, in wani ya rasu layi ya matsa.

"Sau uku likita ya ce," in ji Yaya.

"Baba, kowa a nan sau uku aka ce masa."

Sai Yaya ya ce, "Ina biyun suke?"

Ta dube ni, na ce mata injiniya ne. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ta kai mu wani ɗan sito a baya, ta kunna fitila. Ga su nan a jingine da bango, an lulluɓe su da zanin gado, ƙura ta yi musu hula. Yaya ya yaye zanin. Ya zaro sukudireba daga aljihun rigarsa, ya durƙusa a bayan na farko, ya kwance kusoshi shida, ya jera su a kan hankicinsa. Ya ɗaga murfin ya ajiye a hankali.

Ciki robobi ne sirara sun sarƙe, da wasu ƙananan famfuna, da faifai kore masu ɗigo-ɗigon azurfa. Babu igiyar ƙarfe, babu birki, babu inda za a sa giris. Ya haska da fitilar wayarsa daga sama zuwa ƙasa, ya dawo daga ƙasa zuwa sama. Ya miƙa yatsa zai taɓa wani abu, ya janye. Nas ɗin tana tsaye a bakin ƙofa, har wasu daga masu jiran layi sun taso sun leƙo, don labari ya riga ya kai musu cewa an kawo mai gyara.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya yi magana, bai juyo ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ban san shi ba. Ban san komai a cikinsa ba."

Na ce ya taso mu tafi, hanya da nisa. Bai taso ba. Ya matsa da gwiwa zuwa bayan na biyun, ya sa sukudireba a kusar farko. Jirgin Anti ranar Alhamis zai sauka.